Maganin Cire Fenti: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Aiki da Shi

A gidanmu da ke unguwar Gangare a Jos akwai wata ƙofar zaure ta katakon maɗaci wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Duk hidimar da ta taso a gidan, ko aure ne ko tarbar alhazai, sai an kira mai fenti ya ƙara mata wani launi a kan na da. Ran da na sa wuƙa na kankare gefenta, hawa bakwai na ƙirga: kore, shuɗi, ruwan ƙasa, wani koren kuma, har na iske wani ja can ƙasa da ba wanda ya tuna da shi. Fentin ya yi kaurin da sai an sa kafaɗa ƙofar take rufuwa, zanen da kafinta ya sassaƙa mata kuwa duk ya nutse.

Hanya uku ake bi a raba irin wannan ƙofa da fentinta. Ko a goge da sanfefa, ko a babbake da wuta a kankare, ko a shafa maganin da masu shago ke kira rimuba. Biyun farko sun fi araha, amma a kan tsohon fentin mai ba na ba kowa shawararsu. An daɗe ana zuba dalma a fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, don launin ya fito kuma ya jure. Sanfefa tana mayar da wannan dalma ƙura, wuta tana mayar da ita hayaƙi, ƙurar kuma ta sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Shi magani yana sauko da fentin a jiƙe, kamar kunu, ka kwashe shi ba tare da ya tashi sama ba. Sai dai shi ma yana da nasa sharrin, don haka zaɓen ya fi shafawar muhimmanci.

Fara da sanin abin da ke gabanka

Kafin ka doshi Kasuwar Katako ko shagunan kayan gini na hanyar Bukuru, ka amsa tambaya biyu: wane irin fenti ne, kuma a kan me yake zaune?

Gwajin fenti ba wuya. Ka jiƙa auduga da sifirit, irin wanda ake saya a kemis, ka goga a wani lungu. In launin ya biyo audugar, fentin ruwa ne, ko kuma foliş irin na kujerun da. In bai motsa ba, ka gwada tina. Wanda tina ta narkar nan take, feshin kafintoci ne mai saurin bushewa, kuma tinar kanta ta isa ta sauke shi, ba sai ka kashe kuɗin rimuba ba. Wanda ya ƙi duka biyun shi ne fentin mai da ya tsufa, ko fentin mota da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa. Waɗannan ne aikin magani na gaskiya.

Fentin ruwa da ke jikin bangon siminti kuwa, ka bar maganar rimuba gaba ɗaya. Ka jiƙa bangon, ka jira, ka kankare abin da ya saki.

Manyan iri uku ne a kasuwa, ko da gwangwanayen sun kai goma

Na farko shi ne mai zafin nan da fanalbitocin Dilimi da Farin Gada suka fi sani, wanda kana shafawa fenti ya fara tattarewa kamar fatar da ta ƙone. Ƙarfinsa daga wani sinadari ne, metilin kulorayid, wanda ake taƙaitawa da haruffan DCM. A jikin wasu gwangwanayen za ka ga lambarsa, 75-09-2. Yana ratsa fenti ya kumbura shi ya raba shi da abin da yake manne, cikin minti 15 zuwa 30. Ba ya ɓata katako, ba ya cin ƙarfe. In aiki kawai za a duba, babu kamarsa.

Amma ga abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Wannan sinadari yana tafasa a zafin digiri 40 kacal, wato tun a cikin gwangwani yake neman zama tururi. Tururin ya fi iska nauyi kusan ninki uku, saboda haka ba ya tashi ya fita ta taga, kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda kan mai durƙuso yake. In ya shiga jiki, hanta tana juya wani kasonsa zuwa irin gubar da ke cikin hayaƙin janareto, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 13 da suka mutu tsakanin 2000 da 2011 suna cire fentin bahon wanka da shi a banɗaki. Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da shi ga jama'a tun 2009, Amurka ta hana a 2019, sannan a 2024 ta faɗaɗa haramcin zuwa mafi yawan ayyukan da ake yi da shi. Ra'ayina a kansa gajere ne: a fili kawai, a kan ƙarfe ko abin da sauran suka gaza, kuma mai ciwon zuciya kada ya kusance shi.

Na biyu shi ne soda, ita dai wadda mata ke saya don haɗa sabulu. Aikinta a kan fenti ma irin na sabulun ne, tana kama man da ke cikin fentin ta mayar da shi sabulu, ya saki. Shi ya sa take cin fentin mai kamar me, amma ta tsaya kallon fentin ruwa da na mota. Ba ta da tururin da ke bugarwa, kuma ita ce mafi araha. Wurinta ƙyauren ƙarfe, burgulari, da siminti ko dutsen da aka shafa wa fentin mai. Kada ta taɓa alminiyam, cinye shi take yi tana fitar da iska mai kama wuta, haka ma kwanon rufi da duk ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya. A kan katako kuwa sai da lura. Maɗaci da sauran itatuwa masu ɗacin jiki baƙi suke yi in soda ta shige su, tana tayar da gashin katako, tana kuma sassauta gam a mahaɗa. Filawud da katakon gari da ake matsewa, ruwan kaɗai ya isa ya kumbura su.

Da ita na fara a kan ƙofarmu, saboda arha. Allah Ya taimake ni a bayan ƙofar na shafa, wajen tafin hannu biyu. Fenti ya sauka tas, katakon ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wani dattijo mai fenti a unguwarmu ya leƙo ya gani, ya girgiza kai.

"Yaro, wa ya ce ka ba maɗaci soda?"

"Baba, na ga ita ce mai sauƙin kuɗi."

"To ai ga sauƙin nan ka gani. Arha ba ta ado."

Har yau tabon yana nan, sai dai yana fuskantar bango.

Na uku su ne masu sanyin hali, waɗanda aka haɗa da benzil alkohol ko man ɓawon lemo da makamantansu. Yawanci kauri gare su kamar man shafawa, warinsu bai kai na farkon ba, kuma su ne suka dace da kujera, gado, ƙofar katako da duk aikin da dole a cikin gida za a yi shi. Aibinsu biyu, tsada da nawa. Daga awa uku har kwana guda suna iya ɗauka. Kada hoton lemo a jikin gwangwani ya ruɗe ka, wasunsu suna ɗauke da wani sinadari, NMP, da ke ratsa fata kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Mai juna biyu ta nisanci wurin aikin ko da wane iri ake amfani da shi.

Akwai kuma masu ruwa-ruwa da aka haɗa da asiton da toluwin da metanol. Suna aiki a kan fenti mara kauri, amma wuta suke kamawa kamar fetur.

A shago, ka karɓi gwangwanin ka juya bayansa ka karanta da kanka. In ka tambayi yaron shago abin da ke ciki, amsar da za ka samu ita ce, "Oga, mai ƙarfi ce, minti goma ta gama." Wannan amsar ma ta gaya maka wani abu, don mai gamawa a minti goma kusan kullum na farkon nan ne. Wanda aka ɗura a robar ruwa babu takarda, ko kyauta aka ba ka ka bar shi. Ba ka san abin da ke ciki ba, likita ma ba zai sani ba in wani abu ya faru, kuma a idon yaro robar ruwa robar ruwa ce. Don aikin tsaye, kamar ƙofar da ba za ta ciru ba, ka ɗauki mai kauri. Ka fara da ƙaramin gwangwani ka gwada kafin ka sayi galan.

Kayan aiki da wurin aiki

Burushi mai arha na gashin dabba, don na roba narkewa yake yi a mai zafin. Ƙarfen kankara mai faɗi, ka ɗan goge kusurwoyinsa a dutse kada su yagi katako. Burushin waya don ƙarfe, soson ƙarfe da tsinken itace don lungunan zane. Leda mai faɗi, tsofaffin kwalaye, tsummoki, garin katako, gwangwanin ƙarfe mai murfi na zuba dagwalo, da bokitin ruwa mai tsabta a kusa da hannunka tun kafin ka buɗe komai.

Gilashin kare ido ya zama mai rufe gefe, tabarau na gayu ba ya hana fantsama. Safar hannu irin ta asibiti ba ta tsare komai a nan, DCM yana ratsa ta kafin ka ankara, sai ka ji yatsunka suna sanyi sannan su hau zafi. Ka nemi mai kauri ta aikin sinadarai, ka riƙa sauyawa. Takunkumin ƙyalle ko na takarda ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake yi abinsa. Hatta mai gwangwanin gawayi a gefe ba ya daɗewa a gaban DCM. Kariyar gaske ita ce iska mai wucewa.

Saboda haka duk abin da zai ciru, ka cire shi ka fitar tsakar gida. Ka kwance ƙofa daga hinjinta, ka cire makulli da mariƙi, ka kwantar da ita a kan benci biyu daidai ƙugunka, yadda ba sai ka sunkuya fuskarka a kanta ba. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa. A inuwa za ka yi, rana tana busar da magani kafin ya ci.

Yanayin Jos yana da nasa hukunci a wannan aiki. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma sanyin safiyar Disamba da Janairu yana sa masu sanyin halin nan su ƙara nawa, don haka gara ka shafa da hantsi. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, tana shanye magani da wuri. Babban haɗarin lokacin sanyi shi ne abin da jiki ke so: a rufe ƙofa da taga, a jawo kaskon gawayi kusa. Kada ka kuskura. Masu asiton za su kama da wuta, tururin DCM kuwa in ya taɓa garwashi ko tartsatsin walda yana rikiɗewa ya zama fosjin, iskar gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sigari, risho, janareto, duk a nisanta su. Yara, kaji da awaki a kai su wani sashen.

Shafawa da jira

Ka ɗora tsumma a kan murfin gwangwanin ka buɗe a hankali, fuskarka a gefe, don wanda ya sha zafi a shago yana huci. Ka zuba kaɗan a wani gwangwanin ƙarfe ka mayar da murfin.

In soda ce, a bokitin roba mai kauri ake haɗa ta, kimanin giram 100 a litar ruwa. Ruwan sanyi ake fara zubawa, sannan a riƙa barbaɗa sodar a kai ana juyawa da sanda. Kada ka zuba ruwa a kan soda, zafi take ɗauka ta yi tsalle. In kana so ta kama jikin ƙarfen tsaye, ka dama sitaci ka haɗa ta yi kauri.

Gwajin farko a ɓoyayyen wuri, faɗin tafin hannu. Shi zai gaya maka minti nawa fentinka ke buƙata da kuma ko katakon zai sauya launi.

Wurin shafawa ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin, saboda hannu ya saba da fenti. Fenti ana ja ana shimfiɗawa ya yi siriri. Magani ɗora shi ake yi, da kauri, kamar ana yaɓe, burushi ya bi hanya ɗaya kada ya dawo. Dalili shi ne mai zafin nan akwai kakin da aka narka a cikinsa, wanda ke tasowa ya yi fata a sama ya tsare sinadarin kada ya gudu. Duk komawar burushi fasa wannan fatar take yi. Mai tsumulmular magani sau uku zai shafa, ƙarshe ya fi kowa kashe kuɗi. Ka ɗauki yanki kaɗan, kamar rubu'in ƙofa, musamman da mai sauri. Da masu nawa kuwa kana iya shafe fuskar ƙofar duka, ka shimfiɗa leda a kai ka danne ta ta manne, ka fitar da iskar da ke ƙasa. Ledar nan ita ce sirrin aikin a lokacin hunturu. Da ita na bar ƙofarmu ta kwana, da safe na ɗaga, hawa biyar suka biyo ledar kamar ɓawon dafaffen dankali.

Sai jira, wanda shi ne rabin aikin. Za ka ga fenti ya fara ƙuraje yana tattarewa, hannunka ya fara ƙaiƙayi. Wannan hawan sama ne kawai ya saki. Ka sa bakin ƙarfen kankara a gefe ka tura a hankali. In ya nutse har katako ba tare da ka danna ba, ya nuna. In ka ji turjiya, ka mayar da leda ka je ka sha shayi. In kuma ka tarar ya bushe, kada ka kankare, ka ƙara sabo a kai ya farfaɗo da shi.

Kankara da bin lungu

Ka kwantar da ƙarfen sosai, ka tura shi gaba yana bin tsawon jijiyar katako, kada ka gicciye ta. Abin da ya taru ka goge a bakin gwangwanin dagwalo. Inda fenti ya ƙi, kada ka yi kokawa da shi, katakon da ya jiƙa laushi gare shi kuma duk ramin da ka yi sai ya fito a ƙarshe. Ka sake shafawa. Fenti mai hawa da yawa sau biyu ko uku yake buƙata, wannan ba gazawar magani ba ce.

Zane da lungu su ne masu cin lokaci. Ka barbaɗa garin katako a kan dagwalon ka murza da safar hannu, yana tsotsewa ya fito da shi daga ramuka. Abin da ya saura ka bi shi da tsinken itace. Ƙafar kujera mai zagaye, igiyar buhu ake naɗa mata a ja gaba da baya. A kan ƙarfe, burushin waya ya fi komai, musamman a mahaɗar walda.

In kana cikin aiki ka ji jiri, ko kanka ya sara, ko zuciya ta fara tashi, ko ka ji kamar ka yi maye, ka ajiye komai ka fita iska nan take. Kada ka dogara da hanci, yana sabawa da warin ya daina ji. Madarar da masu fenti ke sha bayan aiki wai ta wanke ƙirji, abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba ta da hanyar huhu. In magani ya taɓa fata, ruwa da sabulu, ban da tina ko fetur. In ya shiga ido, musamman soda, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 sannan a wuce asibiti, ko da zafin ya lafa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a ɗauke shi da gwangwanin a tafi asibiti mafi kusa. Wanda ya faɗi a ɗakin da ake aiki, a buɗe ko'ina a jawo shi waje, kada mai ceto ya tsaya ciki.

Wankewa, wadda ake yawan tsallakewa

Katako ya fito fes, sai mutum ya ɗauko sabon fenti. Bayan sati biyu fentin yana nan danƙo-danƙo ko ya fara ɓarewa, a ce fentin jabu ne. Sau da yawa saurar magani ce a ƙasa. Kakin da ke cikin mai zafin nan ba ya barin komai ya kama, sai an goge shi da tsumma da tina, ana juya tsumman zuwa wuri mai tsabta. Masu sanyin hali yawanci ruwa ne ke wanke su, amma ka bi abin da gwangwaninka ya ce. Soda kuwa sai an kashe kaifinta: a ɗauraye da ruwa sosai, a bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a sake ɗaurayewa. In ba haka ba, farin gishiri zai riƙa fitowa yana cin sabon fentin daga ƙasa.

Ƙarfe ba ya jira. Ka tsane shi, ka shanya, ka shafa masa jan fentin hana tsatsa a ranar, don ƙarfe tsirara kwana ɗaya ya ishe shi ya yi ja, balle da damina. Katako akasin haka ne. Wanda aka goge da tina ya sha iska kwana ɗaya zuwa biyu, wanda ya sha ruwa ya kai sati a inuwa, a jingine yadda iska za ta bi gaba da baya. A watan Agusta, da ruwan Jos ba ya ɗaukewa, ka ƙara masa kwanaki. Kada ka kai shi rana don sauri, zai bauɗe. Bayan ya bushe sai a bi shi da sanfefa mai laushi, sama-sama, a kwantar da gashin da ya tashi.

Dagwalon da ka tara yana ɗauke da duk dalmar da ke cikin tsohon fentin. Kada ya shiga kwata, don kwatocin cikin gari rafi suke gangarawa, kuma da ruwan rafin Dilimi ake ban ruwan lambuna. Kada a ƙone shi, kada a zuba a bola inda awaki ke kiwo. Ka gauraya shi da garin katako ko yashi, ka bar gwangwanin a buɗe a waje inda yaro ba zai kai ba har ya daskare, sannan ka rufe ka ƙulle a leda biyu kafin ka ba masu kwasar shara. Tsummokin ka baza su su bushe ɗaya-ɗaya, kada ka cusa su wuri guda suna jiƙe. Kayan da ka yi aiki da su a wanke su daban da na yara. Saurar maganin ta zauna a gwangwaninta na asali, a rufe gam, a wuri mai sanyi da makulli.

Ƙofarmu kwana huɗu ta ci, da gwangwani biyu na mai kaurin nan. Da hawan ƙarshe ya sauka sai ga zanen dagi a tsakiyarta, da ƙananan ganyaye a kusurwa huɗu. Ban mayar mata da fenti ba, banish na shafa mata sau biyu, jan maɗacin ya fito. Hajiyarmu ta tsaya a zaure tana shafa zanen da yatsa, ta ce rabonta da ganinsa tun tana amarya.